Darasi na 9: Auna Kasada a Cinikin Dusa, Taki da Kara

Babu sana'ar da ba ta barin saura. Mai injin surfe yana barin dusa, mai casar shinkafa yana barin ɓuntu, mai matsar man gyaɗa tana barin tunkuza. Mahauci yana barin fata da ƙashi da ƙaho. Manomi in ya gama girbi yana barin kara da harawa da ƙaiƙayi, garke kuma duk inda ya kwana sai ya bar taki. A Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke bin gaɓar Bunsuru da Gagare da Rima, kusan duk waɗannan suna da mai nema, kuma akwai gidajen da ke ci daga gare su shekara da shekaru. Da yawa daga cikinku masu wannan darasi kuna ciki, ko kuna sayarwa, ko kuna saye, ko kuna dako.

Abin da za mu koya yau shi ne yadda mai sana'a ke zama ya yi lissafi kafin ya jingina sana'arsa a kan saurar sana'ar wani. Cinikin saura ya bambanta da cinikin hatsi. Gero yana da tiya, yana da farashin da kowa ya sani ranar kasuwa, kuma in ka damƙa ka duba ka san abin da ka saya. Saura kuwa ba don kai aka yi ta ba. Mai inji bai tashi da safe don ya yi maka dusa ba, surfe ya zo yi. Ran da ba a kawo surfe ba, babu dusa, kuma ba ka da bakin ƙara. Wannan shi ne tushen kasadar, sauran duk rassa ne.

Abin ya daɗe a ƙasar nan

Kada wani ya ɗauka sabon abu ne da aka shigo da shi. Dubi yadda magina na dā ke samun laso, wato abin da ake shafe rufin soro da cikin rijiyar marina don kada ruwa ya ratsa. Marina ne ke kwaso dagwalon da ya kwanta a ƙasan rijiyar baba, su busar, su ƙona, ya zama katsi. Majema ne ke tara gashin da suka kankare daga jikin fata. Magini ya haɗa katsi da gashin jima da ruwan dafara, ya sami laso. Sana'a uku, kowace tana cin gajiyar abin da 'yar'uwarta ta gama da shi. Makuba ma daga ɓawon ɗorawa ake samunta bayan an cire gari da kalwa. A karkarar Kano kuwa, an daɗe ana ganin jakai suna shiga birni da itace, suna fitowa da mangalar takin bola zuwa gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu.

A ƙasashen masu manyan masana'antu, garin da aka fi kafa misali da shi shi ne Kalundborg na ƙasar Denmak. A shekarar 1972 wani kamfanin yin allunan silin mai suna Gyproc ya ja bututu ya fara karɓar iskar gas da matatar man garin ke ƙonawa a banza. Daga baya tashar wutar lantarkin garin ta riƙa tura tururi zuwa matatar da kamfanin magunguna na Novo Nordisk, tokar kwal ɗinta ta tafi wurin masu siminti, laka mai taki daga kamfanin magunguna ta tafi gonaki. Ba hukuma ce ta zana musu wannan tsari ba. Kowace yarjejeniya tsakanin kamfani biyu aka ƙulla ta, bayan kowa ya yi lissafinsa, kuma shugabannin kamfanonin sun san juna domin garin ƙarami ne. Abin da suke da shi wanda mu ba mu da shi shi ne ɗakin gwaji da zai faɗi abin da ke cikin kaya, da inshora, da kotun da za ta tilasta cika alkawari cikin lokaci. A nan, ido da hanci da sanin halin mutum ne ke yin waɗannan ayyuka uku. Don haka dole lissafinmu ya fi nasu tsauri.

Me ke cikin buhun?

Tambayar farko ke nan, kuma ita ce aka fi sakaci da ita, domin kayan da aka samu da araha ba a cika bincikarsu ba.

A shekarar 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Aƙalla yara 400 suka rasu. Dalili shi ne gubar dalma da ke cikin duwatsun zinari. Ana kawo duwatsun cikin gari, a daka su a turmi, a niƙa su da irin injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida da ƙwarya da hannun yara. Mai injin da ya karɓi aikin niƙan dutse ya ga ƙarin ciniki ne, inji ɗaya aiki biyu. Bai ga dalma ba, domin ba ta da wari, kuma ba ta kashewa nan take. Daga nan muna koyon cewa raba kayan aiki tsakanin sana'ar abinci da wata sana'a kasada ce da ba a auna ta da kuɗi kaɗai. Haka jarkar maganin feshi da ake wankewa a zuba man gyaɗa ko nono, haka buhun da ya ɗauki takin zamani ko maganin ƙwari a mayar da shi buhun gari. Wanki ba ya fitar da duk abin da roba ta sha.

Tunkuza da dusar masara suna da nasu ciwon. In gyaɗa ko masara ta sha damshi a ajiya, wani irin fumfuna yana kama ta ya bar guba da ake kira afalatoksin. Duniya ta fara sanin wannan guba a 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. A 2004 masara mai wannan guba ta kashe mutum 125 a Kenya. Gubar tana cin hanta, tana tsayar da girman kaji, tana kuma bi ta nonon saniyar da ta ci. Abin lura ga mai saye shi ne, ƙwayar da aka tsince aka ware saboda ta lalace, sau da yawa ita ce ake turawa cikin abincin dabbobi. Saboda haka mai kiwo ya tambayi mai tunkuza wace gyaɗa ta matsa, ya shinshina, ya fasa dunƙule ya duba cikinsa. In akwai ɗaci, ko warin rima, ko kore-kore, a bar shi ko da kyauta ne.

Taki ma ba a saye da ka. Kashin kaji yana da ƙarfi, masu albasa da tattasai a fadama suna sonsa, amma ɗanyensa yana ƙona shuka, kuma yana iya ɗauko cuta daga wata gonar kaji zuwa wata. Tun da aka fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Nijeriya a watan Fabrairun 2006 a Jaji ta jihar Kaduna, masu gidajen kaji da suka san abin da suke yi ba sa barin motar kwasar taki ko buhunanta su shiga kusa da kejinsu. Takin shanu da bai ruɓe ba yana zuwa da irin ciyawa, wani lokaci har da na wuta-wuta. Takin bola na yau kuma ba irin na kakanninmu ba ne. Da toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Yanzu akwai leda, da fasasshen kwalba, da mataccen batir, da allurar da aka yi amfani da ita. Duk mahaucin da ke cikinku ya taɓa farka tumbin akuya ya ciro dunƙulen leda, ya san inda wannan shara ke ƙarewa.

In ya yanke gobe fa?

Tambaya ta biyu ta shafi ɗorewa. Mu yi lissafi tare. Alƙaluman da ke tafe na koyon lissafi ne kawai, kowa ya sa farashin garinsa a madadinsu.

Mu ƙaddara wata baiwar Allah ta ɗaure raguna don Babbar Salla, saura mako 12. Tana buƙatar buhu 2 na dusa kowane mako, jimla buhu 24. A kasuwa buhu naira 12,000 ne. Mai injin unguwarsu ya ce zai ba ta a naira 8,000, amma sai ta biya duka tun yanzu, wato naira 192,000. In komai ya tafi daidai, ta tsira da naira 96,000, domin da a kasuwa ta saya da naira 288,000 za ta kashe.

To, a ce inji ya lalace bayan mako 8. Ta karɓi buhu 16, saura 8 dole ta saya a kasuwa a kan naira 96,000. In aka haɗa da abin da ta riga ta biya, ta kashe naira 288,000 cif, rangwamen ya tafi gaba ɗaya, sai ran da mai inji ya samu ya maido mata. In kuwa bayan mako 4 ya lalace, buhu 8 kawai ta karɓa, za ta sayi 16 a kan naira 192,000, jimla naira 384,000. Ta zarce mai sayen kasuwa da naira 96,000, kuma ba lalle tana da kuɗin a hannu ba, ga raguna ba sa jiran a gyara inji.

Yanzu a sake lissafin, a ce mako-mako take biya. Inji ya tsaya bayan mako 4: ta kashe naira 64,000 wurinsa, da naira 192,000 a kasuwa, jimla naira 256,000. Har yanzu tana da rarar naira 32,000. Inji ɗaya, lalacewa ɗaya, amma yadda aka tsara biya ya raba riba da asara.

Kada mu yi wa mai inji rashin adalci. Shi ma da dalilinsa na neman kuɗi a gaba. In ya keɓe mata dusa ya kori sauran masu saye, ita kuma ta sayar da ragunanta a mako na 5 don wata lalura, dusa za ta taru masa, ta yi zafi, ta yi tsutsa. Kowane ɓangare yana tsoron a bar shi riƙe da kaya ko riƙe da alkawari. Abin da masu hankali ke yi shi ne su raba tsoron: a ba da kafin alƙalami na mako biyu, a riƙa sabuntawa, kuma duk wanda zai janye ya faɗa da saura mako guda. Sannan mai kiwo kada ta yanke hulɗa da mai dusar kasuwa gaba ɗaya. Ko buhu ɗaya ne a wata ta riƙa saye wurinsa, don ran da ta zo da buƙata ya san fuskarta.

Akwai wata kasadar da ke zuwa a hankali. Saura tana da araha ne muddin mai ita bai ga amfaninta ba. Ɓuntun shinkafa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, kuma an daɗe ana ganin tsibinsa a bayan injinan casa yana cin wuta. Da masu turara shinkafa da masu gidajen kaji suka fara nemansa, sai ya yi kuɗi. Manyan kamfanonin casa kuma suna iya ƙona nasu su dafa ruwan turara da shi. Haka takin gida ya ƙara daraja bayan tsadar takin zamani da ta biyo yaƙin Rasha da Yukiren a 2022. Wanda ya gina sana'arsa a kan cewa abu kyauta ne, ya tambayi kansa ko sana'ar za ta tsaya in an sa masa farashi. In amsar a'a ce, to jarin da zai zuba kada ya wuce wanda zai dawo cikin shekara guda.

Hanya

Saura kaya ce mai nauyi da cika wuri, mai ƙarancin kuɗi. Takin yuriya yana da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100. Busasshen kashin shanu bai cika wuce kashi 2 ba. Gaskiya ne takin gida yana yi wa jigawa abin da yuriya ba ta yi, yana riƙe damshi, yana gyara ƙasa har shekara biyu ko uku. Amma a wurin dako, buhu da yawa za ka ɗauka kafin ka kamo ƙarfin buhu ɗaya. Shi ya sa cinikin taki da kara da ɓuntu ke da iyakar nisa. Inda jaki ko amalanke ke zuwa su dawo kafin azahar, akwai riba. Inda sai an sha mai, a yi lissafi sau biyu. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Cinikin saura da yawa da ke tafiya da mota ya mutu a lokacin ba tare da kowa ya saɓa alkawari ba.

Mu kuma a gabashin Sakkwato hanya tana da wata ma'ana da duk mun sani. A watan Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Isa da Sabon Birni, ta hana sayar da mai a jarka, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. An yi haka ne don a matsa wa 'yan bindiga, amma mai injin da ke sayen mai a jarka shi ma ya tsaya, mai kiwon da ya ci bashin dusa ya rasa inda zai sayar da sa. Iyakar Nijar an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Ga wanda ke kai harawa ko dusa wajen Maraɗi da Tsibiri, ko yake karɓo fata da dabbobi daga can, waɗannan ba labaran rediyo ba ne, watanni ne na zaman banza.

Saboda haka ɗan kasuwar Gatawa ko Turba ko Unguwar Lalle yana da tambayar da ɗan kasuwar Kano ba ya yi: in hanya ta rufe wata uku, kayan nan za su jira ni? Ƙashi da ƙaho da tsohon ƙarfe da roba suna jira. Harawar da aka ɗaure aka ɗora a kan rumfa tana jira. Ɗanyar fata ba ta jira sai an sa mata gishiri ko an shanya ta a inuwa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema ke so tun zamanin fatake, in ta yi wari ta tashi daga kaya ta koma mushe. Jiƙaƙƙiyar dusar awara ko ta koko ba ta kwana biyu. A ra'ayina, a wannan yanayi da muke ciki, duk saurar da ba ta jure ajiya a nema mata mai saye a cikin gari, ko da farashin bai kai na nesa ba.

Taki da kara

Mafi girman musayar saura da ƙasar Gobir ta sani ita ce ta manomi da makiyayi, kuma ita ce muka fi yin asararta. Dattawan cikinku sun gan ta da idonsu. In kaka ta yi, an kwashe gero da dawa, sai makiyayi ya sauka a gona da izinin mai ita. Shanu su ci kara da ganye, su kwana a wurin, a riƙa matsar da makwancinsu daga wannan gefe zuwa wancan har gona ta taku. Mai gona ya ba da damin gero, ko ya bar su sha a rijiyarsa. Matan ruga su kawo nono da man shanu, su koma da hatsi. Babu dako, domin shanun da kansu suka kai takin inda ake buƙatarsa, har da fitsarinsu wanda ba ya shiga mangala.

Wannan ciniki yana cike da kasada tun asali. Shanu na iya ɓallewa da dare su faɗa gonar maƙwabci da bai kwashe wake ba. Makiyayi na iya tashi kafin gona ta taku. Manomi na iya hana damin da ya yi alkawari. Abin da ya riƙe shi shi ne kowane ɓangare yana da wanda zai tsaya masa: Arɗo a can, mai gari da Sarkin Noma a nan, kuma iyali ɗaya kan sauka a gona ɗaya shekara bayan shekara, har 'ya'ya su gaji sanayyar. Wanda ya san zai dawo baɗi ba ya cuta bana.

Abubuwa da yawa suka taru suka karya shi. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali da mashaya, noman rani ya mamaye fadamar da shanu ke sauka da bazara. Kara da harawa suka yi kuɗi, manomi ya fara kwashe su don dabbobin gidansa ko don kasuwa. Sai satar shanu, sai ramuwar gayya, sai bindiga. Yau akwai manomin da ba ya iya zuwa gonarsa ta nesa, akwai makiyayin da bai taɓa ɗaukar makami ba amma ba ya iya shiga kasuwa, kuma dubban mutanen yankin nan suna zaman gudun hijira a jihar Maraɗi. Asarar rayuka ita ce babba, ba abin da za a haɗa da ita. Amma a ƙarƙashinta akwai wata asarar da ke cin ƙasa a hankali: taki yana zuba a daji inda ba mai shuka, gona tana tsufa, manomi yana cin bashin takin zamani, makiyayi yana sayen dusar da a dā kara ke maye masa.

Inda har yanzu ake yin wannan musaya, ko ake son a farfaɗo da ita, an ga tana ƙanƙancewa ne ta koma tsakanin mutanen da suka san juna da gaske, a gonakin bakin gari, da garke kaɗan, da kwanaki ƙidayayyu. Ban ga laifin wannan ba. Ƙaramin alkawarin da aka cika a gaban shaidu shi ne ke buɗe ƙofar wanda ya fi shi baɗi, kuma duk mai faɗa a ji da ya taimaka aka ƙulla irinsa ya yi wa garinsa aiki.

Wa zai ɗauki asara?

Yawancin rigimar da ke zuwa gaban mai unguwa kan irin wannan hulɗa, in ka bi ta, za ka tarar an yi maganar riba tun farko, ba a yi maganar asara ba. An fi ganin haka a kayan aikin da ake tarayya: injin ban ruwa da manoma uku suka haɗa kuɗi suka saya, rijiyar burtsatse a fadama, janareta ko faifan sola da mai walda da mai cajin waya da mai ƙanƙara ke ja tare, rumbun albasa da mutum biyar suka zuba kaya. Ran da aka sayo kowa na murna. Ran da inji ya ƙone a hannun mutum ɗaya, sai a fara tambayar ko tsufa ne ko ganganci. A rumbu kuwa, albasar mutum ɗaya in ta fara ruɓa ba ta tambayar ta wane ce a kusa da ita.

Maganin wannan a faɗe shi tun ana dariya. Wa ke sayen mai, wa ke sayen baƙin mai? Ranar wa ce Asabar, ranar wa ce Lahadi, kuma in ruwa ya ja baya a watan Maris wa zai fara sha? Nawa za a riƙa ajewa duk mako don gyara, a hannun wa? In ɗaya yana son fita, yaya za a kimanta rabonsa? In an sace injin, ko an tashi garin, asarar ta kowa ce daidai ko gwargwadon jari? Wannan ta ƙarshe tana da nauyin faɗa, amma a yankinmu barin ta ganganci ne.

Addini bai bar mu a duhu ba a nan. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, tana umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Malaman fiƙihu sun hana cinikin da ba a san adadin kaya ko siffarsu ko lokacin miƙa su ba, kuma sun hana ɓoye aibi. A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne muddin ba najasa take ci ba, don haka cinikin takin shanu da awaki ba shi da matsala ta wannan fuska. Abin da ya rage shi ne a ambaci ma'auni. A ce amalanke goma, a nuna amalanken. A ce busasshe, a yarda cewa in an tarar da yashi a ƙasa za a rage kuɗi. Ku da kuke koyon karatu da rubutu yanzu, ga wurin da ilminku zai fara biyan ku: layi biyar a takarda, da boko ko da ajami, da sunan shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi ko ya ɗauki hotonta a waya.

Akwai kuma wanda ba ya wurin cinikin amma shi ke ɗaukar asarar. Yaron da ke tsince a bola don ya kai wa mai jari-bola, shi ke yankewa da gwangwani. Maƙwabcin mai fasa tsohon batir, 'ya'yansa ke shaƙar dalma. Matar da ta sayi ƙuli-ƙuli ba ta ga gyaɗar da aka matsa ba. Mai sayen tsohon ƙarfe da ba ya tambayar inda aka samo kaya, wata rana murfin rijiyar gari ko wayar asibiti zai auna, kuma shi hukuma za ta fara kamawa. Lissafin da ya nuna riba don kawai an tura cutar wurin wanda ba shi da baki, lissafi ne da bai cika ba, kuma mai sana'ar da ke zaune a gari ɗaya da mutanen nan zai haɗu da sauran lissafin ko ba jima ko ba daɗe.

Aiki

Kowane ɗalibi ya zaɓi saura guda ɗaya da ke fita daga sana'arsa ko take shiga cikinta. Ya rubuta sunanta, da wanda yake ba shi ko yake karɓa, da ma'aunin da suke amfani da shi, da kwana nawa take yi ba ta lalace ba.

A sake lissafin ragunan nan da farashin dusa na kasuwarku a wannan mako. A gano mako na nawa ne in inji ya tsaya, wadda ta biya duka a gaba za ta tashi ba riba ba asara.

Ku kasu uku-uku. Ku ɗauka kun haɗa kuɗi kun sayi injin ban ruwa. Ku rubuta yarjejeniyar da ba ta wuce layi takwas ba, wadda ta faɗi abin da za a yi in ya lalace, in an sace shi, da in ɗayanku ya rasu. A karanta wa aji mako mai zuwa.

Wanda yake da dattijo a gida da ya taɓa saukar da makiyayi a gonarsa, ko ya taɓa sauka da garke a gonar wani, ya tambaye shi abin da ake bayarwa, da wanda ke shiga tsakani in an yi ɓarna, da shekarar da suka daina. A zo da amsar a rubuce.